Muhammad Ali, ɗan damben da ya ƙi zuwa yaƙi

A garin Louisville, cikin jihar Kentucky ta ƙasar Amurka, an yi wani yaro baƙar fata mai suna Cassius Clay. An haife shi ran 17 ga watan Janairu, 1942. Ubansa mai zanen allunan talla ne, uwarsa kuwa aikatau take yi a gidajen mutane. A zamanin nan, a garinsu, yaran baƙaƙe da na farare ba su shiga makaranta ɗaya. Akwai gidajen abinci da baƙin mutum ba ya zama ciki, ko da kuɗi a aljihunsa.

Yana da shekara 12 aka sace masa kekensa. Ya tafi yana kuka wurin wani ɗan sanda, Joe Martin, ya ce in ya kama ɓarawon sai ya lakaɗa masa duka. Ashe ɗan sandan nan mai koya wa yara dambe ne. Sai ya ce masa ya koyi faɗan tukuna. Keke dai bai dawo ba, amma an sami ɗan dambe.

Damben da ya koya ba irin namu na gargajiya ba ne. Namu, hannu guda ake naɗe wa zare. Nasu, hannu biyu ake sa wa safa mai kauri, a shiga fage mai kusurwa huɗu wanda aka kewaye da igiyoyi. Kowane turmi minti 3 ne, sai a huta minti 1. Wanda aka nausa ya faɗi, har alƙali ya ƙirga goma bai tashi ba, an cinye shi ke nan.

A 1960, yana da shekara 18, ya ci lambar zinariya a wasannin Olimfik na birnin Roma. Ran 25 ga Fabrairu, 1964, ya kara da Sonny Liston, zakaran duniya na masu nauyi, wanda kowa ke tsoro. Yaron nan ya yi ta zille masa yana naushinsa, har da aka buga ƙararrawar turmi na 7 Liston ya ƙi tashi daga kujerarsa. Clay ya ɗauki kambun duniya yana da shekara 22, kamar yadda sarkin kokowa yake ɗaukar takobi a nan ƙasarmu. Ga shi da baki! Ba ya jiran makaɗi, shi yake yi wa kansa kirari. Har yakan faɗi turmin da zai ka da abokin karawarsa, sau da yawa kuma haka ta kasance.

Bayan wannan nasara ya shaida wa duniya ya musulunta. Ya yar da sunan Clay, ya ce sunan da iyayen giji suka laƙaba wa kakanninsa ne zamanin bauta. Ya koma Muhammad Ali. Cikin shekarar nan ya ziyarci Gana da Najeriya da Masar.

To, a lokacin Amurka tana yaƙi a wata ƙasa mai nisa ta nahiyar Asiya, wato Biyetnam. Doka ta ce saurayin da aka kira aikin soja, dole ya je. Aka kira Ali. Ya ce addininsa bai yarje masa shiga wannan yaƙi ba. Ya kuma ce mutanen Biyetnam ba su yi masa kome ba, don me zai ƙetare teku ya harbe su, alhali a gida baƙaƙe ƴan'uwansa ba su sami haƙƙinsu ba?

Mutane suka yi ta ba shi baki. Da ya yarda, da wuya a kai shi bakin daga. Wani zakara da ya riga shi, Joe Louis, ya shiga soja a Yaƙin Duniya na Biyu, aikinsa kuwa shi ne zagaya barikoki yana dambe don sojoji su yi kallo. Ali ya san da haka.

Ran 28 ga Afrilu, 1967, ya je ofishin ɗaukar soja a birnin Houston. Aka jera samari. Ga yadda ake yi: in hafsa ya kira sunanka, sai ka yi taku ɗaya gaba. Da wannan taku ka zama soja. Aka kira na farko, ya taka. Aka kira na biyu, ya taka. Da aka zo kan Ali, sai ya tsaya cik. Aka sake kira, bai motsa ba. Aka ja shi gefe, aka gaya masa hukuncin wanda ya ƙi. Ya ce ya gane. Aka mai da shi, aka sake kira. Ƙafarsa ba ta ɗaga ba.

Nan da nan hukumomin dambe suka karɓe kambunsa, suka hana shi shiga fage. Ran 20 ga Yuni kotu ta yanke masa shekara 5 a gidan kaso da tarar dala dubu 10. Dalar Amurka fa, ba irin dalar kasuwarmu ba. Bai shiga kaso ba, don ya ɗaukaka ƙara. Amma an riƙe fasfonsa, ba damar ya je wata ƙasa ya yi dambe. Amurkawa da yawa suka kira shi matsoraci. Cikinsu akwai iyayen da ƴaƴansu suka tafi yaƙin ba su dawo ba, su ma da abin da ke cin ransu.

Shekara uku da rabi bai yi karawa ko ɗaya ba, tun yana da shekara 25 har ya kusa 29. Waɗannan shekaru kuwa su ne daminar ɗan dambe, in ta wuce ba ta dawowa. Ya koma yawo jami'o'i yana yi wa ɗalibai jawabi, da abin da aka biya shi yake ciyar da iyalinsa. Ana haka, Amurkawa suka fara gajiya da yaƙin. A watan Oktoba, 1970, aka bar shi ya koma fage. Ran 28 ga Yuni, 1971, Kotun Ƙoli ta soke hukuncinsa. Alƙalai 8 suka zauna, ba wanda ya saɓa.

Amma ƙafafunsa sun yi nauyi. A 1971 Joe Frazier ya cinye shi, karo na farko ke nan da aka taɓa cinye shi tun da ya zama ɗan damben kuɗi. Daga baya George Foreman ya ƙwace kambun daga hannun Frazier, bayan ya ka da shi sau 6 cikin turmi 2.

Ran 30 ga Oktoba, 1974, Ali ya kara da Foreman a Kinshasa, babban birnin ƙasar da ake kira Zayir a lokacin, Kwango ta yanzu. Da ƙarfe 4 na asuba aka fara, don mutanen Amurka su kalla da darensu. Foreman yana da shekara 25, ya yi karawa 40 ba a taɓa cinye shi ba. Ali yana da 32. Tun da gudu ya ragu, sai ya yi dabara. Ya jingina da igiya, ya kāre fuskarsa da hannu biyu, ya bar Foreman yana ta jibgar damatsansa da haƙarƙarinsa. Masu kallo suka tsorata. Foreman ya yi ta duka har hannuwansa suka mutu. A turmi na 8 Ali ya taso daga igiya, ya sakar masa naushi a jere, Foreman ya zube. Kambun da aka karɓe masa shekara 7 da suka wuce ya dawo hannunsa.

Ya bar dambe a 1981. Ya yi karawa 61, ya ci 56. Daga baya ciwon karkarwa ya kama shi, maganarsa ta yi ƙasa. A 1996, hannunsa yana rawa, shi ya kunna wutar wasannin Olimfik a birnin Atlanta. Ya rasu ran 3 ga Yuni, 2016, aka yi masa salla, aka binne shi a Louisville.

Ma'anar kalmomi

Kambu: alamar da ake ba zakara.
Bakin daga: wurin da sojoji suke gwabzawa.
Ɗaukaka ƙara: kai shari'a kotu ta gaba in mutum bai yarda da hukunci ba.

Tambayoyi

1. Me ya kai Cassius Clay wurin Joe Martin?
2. Ina bambancin damben gargajiya da wanda Ali ya yi?
3. Shekarar Ali nawa ranar da ya ƙi yin taku ɗaya a Houston?
4. Me ya sa aka ce shekarun da ya rasa su ne daminarsa?
5. Ku nemi Amurka da Biyetnam da Kwango a kan taswira.
6. Ku rabu gida biyu. Ɗaya ya faɗi hujjar Ali, ɗaya ya faɗi hujjar uban da ɗansa ya tafi yaƙi.