Ladubban Bincike: Neman Izini Kafin Tambaya

Ɗalibin da zai je makarantun firamaren Nguru ko Gashuwa domin nazarin yadda 'ya'yan Bade da Manga ke koyon Hausa, ya sani cewa yaran nan amana ce a hannunsa.

A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kimanin 200. Iyaye suka ce ba a nemi yardarsu ba, kuma takardar amincewar da aka gabatar, ashe daga baya aka rubuta ta.

Binciken ilimi ba ruwansa da magani, amma yana iya cutarwa. Bayyana sunan yaron da ya kasa karatu tozarta shi ne. Saboda haka:

1. Nemi amincewar kwamitin ladubban bincike na jami'arka tun kafin ka fita. Mujallu da dama ba sa buga aikin da ba shi da ita.
2. Izinin hedimasta bai isa ba, sai da na iyaye. Yi musu bayani da harshen da suka fi ji.
3. Yaro yana da damar ƙin amsawa, ko janyewa.
4. Sakaya sunaye, kuma kada ka naɗi murya a ɓoye.

Rigakafi dai ya fi magani.