Malami Da Sauraron Ɗalibansa



Abin da aka saba gani a makarantun allo da na Islamiyya shi ne malam yana faɗi yara suna amsawa. Da wuya a ji malamin da ya dakata ya tambayi ɗalibansa ko sun gane, balle ya tambaye su abin da ke hana su ganewa. Wasu ma suna ganin yin haka zubar da girma ne. Alhali kuwa wanda ya duba yadda Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya karantar da sahabbai, zai tarar sauraron mai koyo yana cikin aikin koyarwa tun daga farko.

Imamul Buhari ya ruwaito daga Abu Sa'idil Khudri cewa mata sun kai kuka wurin Annabi, suka ce maza sun rinjaye su a majalisinsa, suna roƙon ya keɓe musu rana tasu. Bai ce musu su je su tambayi mazajensu ba, bai kuma ɗauki maganar rashin ladabi ba. Sai ya sa musu rana, ya je ya karantar da su. A wannan zama ne ya yi bushara ga macen da 'ya'yanta uku suka rasu ta yi haƙuri, wata mace ta tambaya ko wadda ta rasa biyu tana ciki, ya ce tana ciki. Mai karatu ya lura: tsarin karatu ya sake saboda koken ɗalibai, kuma tambayar mace ɗaya ta jawo bushara ga mata masu yawa. Saboda irin wannan ne Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta yabi matan Ansaru cewa kunya ba ta hana su neman sanin addini ba.

Kunya kuwa ita ce babbar matsalar. Ɗan Bahaushe yana tasowa a kan cewa yaro ba ya haɗa ido da babba, ba ya kuma magana in manya suna nan. Tarbiyya ce mai kyau, amma tana sa malami ya ɗauka shirun aji alamar fahimta ne. Wata rana Annabi ya tambayi sahabbai wace itaciya ce ganyenta ba ya zuba, wadda ta yi kama da Musulmi. Mutane suka shiga ambaton itatuwan daji. Abdullahi ɗan Umaru ya gane dabino ne, amma ya ga shi ne ƙarami a wurin, ga Abubakar da Umaru ba su ce kome ba, sai ya yi shiru. Da ya gaya wa mahaifinsa daga baya, Sayyidina Umaru ya nuna masa da ya faɗa da ya fi masa daɗi. To, in ɗan Umaru ya iya riƙe amsa a baki don kunya, ina ga yaro mai in'ina wanda ya san za a yi masa dariya? Ina ga wanda kunnensa ba ya ji sosai aka ajiye shi can baya, ko marayan da bai kawo kuɗin Laraba ba, yana ta ɓoyewa kada malam ya tuna da shi? Waɗannan ba za su taɓa ɗaga murya ba. Sai malami ya neme su ɗaya ɗaya, bayan an tashi, inda ba idon jama'a.

Surar Abasa, wadda kowane ɗan makarantar allo yake haddacewa a izifin Amma, a kan wannan ta sauka. Abdullahi ɗan Ummi Maktumi, makaho ne, ya zo neman a sanar da shi addini a lokacin da Annabi yake magana da manyan Ƙuraishawa yana kwaɗayin su musulunta, sai bai juyo gare shi ba. Allah Maɗaukaki Ya saukar da ayoyi Yana faɗakar da Manzonsa. Daga baya wannan makaho ya zama ladani tare da Bilalu, kuma Annabi ya sha barin Madina a hannunsa in zai fita yaƙi. Abin mamaki ne malami ya biya wa yara wannan sura da safe, da yamma kuma ya zaunar da ɗan attajiri kusa da buzunsa ya manta da ɗan mai ga-ruwa. Muhammadu ɗan Sahnunu na Ƙairawan, wanda ya rasu shekara ta 256 bayan Hijira, ya tanadi littafi sukutum a kan ladubban malaman yara, Adabul Mu'allimina, inda ya wajabta daidaita ɗan mai kuɗi da ɗan talaka wajen karantarwa.

Sauraro ba ya nufin a biya wa ɗalibi duk abin da ya nema. Abdullahi ɗan Mas'udu yakan yi wa'azi ran Alhamis kaɗai. Wani ya roƙe shi ya mai da shi kullum, ya ƙi, ya bayyana masa dalili: gudun kada mutane su ƙosa, kamar yadda Annabi yakan zaɓa musu lokaci. An ji shi, an ba shi amsa, ba a kore shi ba.

Wani lokaci ma ɗalibin ne yake da abin da malam bai sani ba. An taɓa tambayar Imamu Malik game da tsefe yatsun ƙafa a alwala, ya ce ba a ɗora wa mutane wannan ba. Ɗalibinsa Abdullahi ɗan Wahabi, mutumin Masar, ya bari sai da jama'a suka ragu, sa'an nan ya karanta masa hadisin Mustauridu ɗan Shaddadi, wanda ya ga Annabi yana cuɗa tsakanin yatsun ƙafarsa da ɗan ƙaramin yatsa. Malik ya ce hadisin mai kyau ne, bai taɓa jinsa ba sai a lokacin, kuma daga ranar ya riƙa umartar masu tambaya da yin haka. Ɗalibin bai kunyata malaminsa a bainar jama'a ba, malamin kuma, da yake shi ne limamin Madina, bai ji nauyin karɓar gyara daga na ƙasa da shi ba. Malamin da ya sa bulala tsakaninsa da ɗalibansa ba zai taɓa samun irin wannan gyara ba. Ibnu Khalduna, wanda ya rasu a 1406, ya yi bayani a Muƙaddima cewa tsanantawa tana koya wa yaro ƙarya da kasala, don yana faɗin abin da zai tsirar da shi ne, ba abin da ke zuciyarsa ba.

A ƙasar nan ma an bi wannan hanya. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yarda mata su halarci wa'azinsa duk da sukar da wasu malamai suka yi masa, kuma a Nurul Albabi ya zargi masu karantar da almajirai a zaure suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta lura matan ƙauye ba su iya barin gidajensu su zo gare ta. Sai ta naɗa jajoji, ta ba kowace malfa, suna zuwa da tsofaffi da 'yan mata su karɓi karatu cikin waƙoƙin Hausa da Fulatanci, su koma su isar ga waɗanda ke cikin gida.