Yadda Ake Haɗa Kundin Tunawa da Tafiya

Darasinmu na wannan makon a kan adana tarihin tafiya ne, kuma daga gidanmu na koyo shi.

Yayata tana cikin ɗaliban da suka yi karatun shekara guda a Amurka a ƙarƙashin shirin musayar ɗalibai na YES. Majalisar Dokokin Amurka ce ta kafa shirin a 2002, ana kai ɗaliban sakandare su zauna a gidan wasu iyalai, su shiga makarantar garin. Yaya ta dawo Unguwar Mu'azu da hotuna cike da wayarta. Ba ta yi wata uku ba aka zare mata wayar a cikin Keke Napep. Ranar ko tuwo ba ta ci ba. Abin da ya rage mata sai wata leda mai ɗauke da tikitin jirgi, da katin gaisuwa, da busasshen ganye ja, da 'yan kuɗin ƙarfe. Ta roƙi matar da ta riƙe ta a can ta sake turo wasu hotunan, muka zauna muka haɗa kundi. Ga abin da muka koya:

1. A samu littafin zane mai kaurin takarda, da gam, da almakashi, da biro. Duk akwai su a shagon littattafai.

2. A wanke hotuna a kan takarda. Ba sai duka ba, a zaɓi goma ko ashirin masu labari. Waya tana ɓata, tana lalacewa.

3. A jera kaya bi da bi: shirin tafiya, ranar tashi, zaman can, ranar dawowa.

4. A ƙarƙashin kowane abu a rubuta amsar tambaya huɗu: wane ne, a ina, yaushe, me ya faru? Wannan shi ne mafi muhimmanci. Ganyen nan ja, Umma ta kusa share shi da tsintsiya. Sai da Yaya ta rubuta cewa ta tsince shi ne a ƙofar makarantarsu, ranar da kewar gida ta sa ta kuka wata ƙawa ta rarrashe ta, sannan muka san darajarsa. Akwai kuma hoton wata yarinya da har yau Yaya ta kasa tuna sunanta, don ba ta rubuta da wuri ba.

5. Tikitin jirgi da rasit a yi masu fotokwafi tukuna. Yawancinsu da zafi ake buga rubutunsu, shi ya sa yake gogewa a hankali. Kada a kai su a manna masu leda da na'ura, zafin yana mayar da takardar baƙa ƙirin.

6. A guji salatif, yana komawa ruwan ɗorawa ya ɓata hoto. Fasfo da takardar shaidar karatu kuwa ba a manna su, a ba iyaye su ajiye.

7. A sa kundin a leda, a ɗora shi a sama, nesa da danshin damina da gara da hannun ƙanne.

Wannan aiki ba sabo ba ne a wurin 'yan jarida. A 1943 Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya je Ingila tare da wasu 'yan jaridar Afirka ta Yamma. Da ya dawo ya rubuta littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi. Da bai rubuta ba, da wa zai ba mu labarin yau?

Wani zai ce shi ko Zariya bai taɓa zuwa ba, balle ƙasar waje. To ai hutun da ka yi a ƙauyenku tafiya ce. Ziyarar da makaranta ke kai mu Gidan Arewa ma tafiya ce, kuma can ɗin kansa takardu da hotunan zamanin Sardauna ake adanawa.

Aikin gida: kowa ya haɗa shafi ɗaya kan tafiyarsa ta ƙarshe, da abu ɗaya da aka manna da amsar tambayoyin nan huɗu. A kawo wa kulob ranar Laraba, za mu liƙa uku a wannan allon.

Daga 'yar aji biyu na ƙaramar sakandare, Kulob ɗin 'Yan Jarida.