Mai Haƙar Zinare, Wa Zai Ɗauke Ka Ranar Ciwo?

Jama'a, haƙar zinare a ƙasar Birnin Gwari ta girmi mafi yawanmu. Tun zamanin Turawa ake tonon sa a wajen Tsohuwar Birnin Gwari, yau kuma samari daga Katsina da Zamfara har da Nijar suna cika ramukan dajin nan. Sana'a ce ta halak, tana ciyar da gidaje. Sai dai kowa ya san yadda ake rabon kuɗi ranar da aka dace, kaɗan ne suka taɓa zama suka tsara abin da za a yi ranar da rami ya rufta, ko ƙirji ya ƙi numfashi.

Mu fara da cutar da ba a gani. Dutsen da zinare ke ciki, in aka niƙa shi a bushe, yana ta da ƙura mai laushi wadda ke shiga huhu ta zauna. Shekaru kaɗan sai mutum ya fara haki da tari, ƙarfinsa ya tafi. Wannan ciwo ba shi da magani, kuma yana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Wani dutsen kuma yana ɗauke da dalma. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, irin su Bagega da Dareta, gubar dalma ta kashe yara wajen 400, don kawai ana niƙa dutse a tsakar gida inda suke rarrafe. Kada wani ya ce Zamfara da nisa. A 2015 haka ta faru a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, maƙwabciyarmu, yara 28 suka rasu. Ga kuma zaiba da ake kama zinare da ita: hayaƙinta in ana ƙonawa yana lalata ƙwaƙwalwa da ƙoda, yana sa karkarwar hannu.

Ilimin kare kai bai buƙatar takardar makaranta. A jiƙa dutse kafin a niƙa. A yi niƙa da wanki nesa da gari da rijiya. Kayan aiki su kwana a wurin aiki, mutum ya yi wanka kafin ya ɗauki ɗansa. A tokare rami da itace mai ƙarfi, a daina shiga bayan ruwan sama, kada kuma a kunna janareto a cikin rami, hayaƙinsa yana kisa ba tare da wari ba.

To, in an ji ciwo fa? Akwai dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa. Wanda ya ɗauki ma'aikata ne zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya, ba a cire ko kwabo daga kuɗin lebura. Wanda ya ji rauni ya sanar da ubangidansa cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto cikin kwana 7, a nemi diyyar kafin shekara ta cika. Ana biyan kuɗin magani, da diyyar naƙasa, da haƙƙin iyali in rai ya yi halinsa.

A nan gizo ke saƙar. A aikace, wanda sunansa ke rubuce ne kawai ake gani. Yaron da ya shiga daji ba rajista, ba yarjejeniya da mai rami, in ƙasa ta danne shi, abin da iyalinsa za su samu bai wuce ta'aziyya da ɗan abin sadaka ba. Shekarun 'yan bindiga sun ƙara dagula lamarin, don babu jami'in da ke iya leƙa ramukan. Masu ɗaukar nauyin rami da dillalai kuwa, a faɗi gaskiya, rashin rubutun nan ya yi musu daɗi.

Mafita ita ce ƙungiyar gama kai. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ɗora wa gwamnati koyar da ƙananan masu haƙa dabarun aiki da kiyaye lafiya, amma ta hannun ƙungiyoyi masu rajista. Ƙungiya za ta iya neman lasisi, ta shigar da 'ya'yanta tsarin taimakekeniyar lafiya na KADCHMA na Jihar Kaduna, ta kuma buɗe asusun jinya da ake zuba wani kaso daga kowane ciniki. A Afirka ta Kudu, sai da masu haƙar zinare suka haɗa kai suka yi shekaru a kotu kafin kamfanoni su amince, a 2018, da biyan Rand biliyan 5 ga masu ciwon huhu.

Saboda haka muna kira ga hakimai da dagatai da limamai su tara masu ramuka a yi wannan magana a fili. Kai kuma mai haƙa, in tarinka ya kai mako biyu, ka tafi asibiti a gwada majinarka, gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati.