Darasi daga Ƙissar Annabi Yunusa (AS)



Annabi Yunusa ya bar mutanensa cikin fushi, tun Allah bai yi masa izini ba. Ya shiga jirgin ruwa, aka yi ƙuri'a ta faɗa kansa, kifi ya haɗiye shi. To, a can ciki wa zai kira in ba Allah ba?

Abin da ya yi, kamar yadda aya ta 87 a Suratul Anbiya ta nuna, shi ne ya tsarkake Ubangijinsa, ya amsa laifinsa. Bai ce mutanena ne suka jawo ba. Kun ga nan ne tuba ke da wuya. Yaro in malam ya kama shi, sai ka ji, "Ai wane ne ya sa ni!" Alhali malamai sun ce tuba sai da nadama, da barin laifin, da ƙudurin daina komawa. In haƙƙin wani ne, ko alƙalami ne, a mayar masa.

Daga nan ya natsu da tasbihi, ya bar wa Allah sauran. Aka jefo shi gaɓa ba lafiya, Allah ya tsirar masa da kabewa ta yi masa inuwa, sannan ya aike shi ga mutane dubu 100 ko fiye, suka yi imani.