Kuɗin da ba ya hawa takardar albashi

Na shekara goma sha ɗaya a sashen albashi na wata hukumar gwamnatin tarayya. Daga 25 ga wata ƙofata ba ta rufuwa, kowa ya leƙo tambayarsa ɗaya ce: "Akanta, alat shiru?" Idan ya shigo kuma sai a dawo da ta biyu: "Me ya sa nawa ya ragu?" A duk tsawon shekarun nan ban tuna wanda ya taɓa tambayata nawa ne ke fita daga ofishinmu zuwa aljihun ma'aikata ba tare da ya bi ta takardar albashi ba. Alhali kuwa nan gizo ke saƙar.

Wata ranar Talata masinjanmu, dattijo ne da duk muke kira Baba, ya dire mini fayil a tebur, sannan ya tsaya yana murza hula. Ya zaro takardar albashinsa daga aljihun gaba, ta sha ninki har ta fara yagewa.

"Yallaɓai, a duba mini. Yankan nan ya yi yawa."

"Zauna, Baba, mu bi shi layi-layi."

Muka bi. Kashi 8 cikin ɗari na fansho, kamar yadda dokar 2014 ta tanada, gwamnati kuma ta ɗora nata kashi 10. Kashi 2.5 na asusun gidaje, wanda Baba ya ce shi har yau bai ga ko bulo ɗaya ba. Kuɗin ƙungiya. Sai bashin banki da ya ci lokacin aurar da 'yarsa, wanda shi ne ya fi cin rabo. Lissafi daidai yake, ba a cuce shi ko kwabo ba a yankan. Ya yi godiya ya fita. Da na buɗe fayil ɗin da ya kawo, sai na tarar bauca ce ta wani kwamitin manya da ya yi zaman kwana uku a wani otal a wajen gari: kuɗin kwana, kuɗin mota, alawus na zama. Abin da mutum guda zai sa hannu ya karɓa ya haura abin da ya rage wa Baba a wata. Shi ya ɗauko fayil ɗin daga hawa na uku, bai san me ke ciki ba.

Ba sata ba ce, kada a fahimce ni a baibai. Kowane layi a baucar nan yana da takardar umarni da ta halatta shi. Abin da nake so ma'aikaci ya gane shi ne kuɗin gwamnati ƙofa biyu yake bi ya iso hannun mutum. Ta farko ita ce albashi, wanda ake biya ta IPPIS, tsarin biyan albashi na gwamnatin tarayya. Jadawalinsa a buɗe yake, daga mataki na 01 zuwa na 17, hukumar tsara albashi ta ƙasa ke fitar da shi, kowa na iya nema ya gani. Ta biyu ita ce kuɗin gudanarwa: tafiye-tafiye, bita, taron ƙara wa juna sani, zaman kwamiti, fita waje da alawus ɗinta na dala. Wannan ƙofar ba ta da jadawalin da ke cewa kowa zai samu sau kaza a shekara. Wanda ke da ikon rubuta sunaye shi ke yanke wa zai tafi, kuma sau da yawa sunansa ne a saman jerin.

Shi ya sa duk lokacin da ƙungiyoyin ƙwadago suka shiga daga da gwamnati kan mafi ƙarancin albashi, nakan ji daɗi rabi da rabi. An tashi daga naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, sannan 70,000 a watan Yulin 2024, bayan cire tallafin man fetur a 2023 ya riga ya ninka kuɗin mota da na cefane. Raba 70,000 gida talatin, ka ga abin da mai iyali zai riƙe gida da shi a yini. Iyayenmu ma sun ga irin wannan: ƙarin albashi na kwamitin Udoji da aka biya a 1975 da ariyas ɗinsa, kasuwa ce ta fi kowa morarsa. Amma duk wannan gwagwarmayar a ƙofar farko ake yin ta. Ta biyu ba a ko ƙwanƙwasa ta.

A watan Agustan 2024 Sanata Kawu Sumaila ya shaida wa BBC Hausa cewa albashinsa bai kai naira miliyan ɗaya ba, amma kuɗin gudanar da ofis da ake bai wa sanata ya kai miliyan 21 a wata. Ya ce na aikin ofis ne, ni kuma ban zo musu ba. Na kawo shi ne don tsarin iri ɗaya ne da na ƙaramin ofishinmu: adadin da ake nunawa ƙarami, wanda ba a nunawa ya ninka shi sau ashirin da wani abu. Miliyan 21 kuwa albashin mutum 300 ne a kan 70,000.

Sai batun tukuicin ƙwazo da ake bai wa shugabanni a ƙarshen shekara, musamman a hukumomin da ke tara kuɗin shiga, waɗanda doka ta bar musu wani kaso na abin da suka tara. Ni ba na ƙyashin a biya shugaba da kyau. Wanda zai sa hannu a kan biliyoyi, gara a ƙosar da shi. Damuwata ita ce wa ke auna ƙwazon, kuma da wane mudu. Idan hukuma ta cimma abin da aka ɗora mata, direban da ya kwana a hanya da akawun da ya kai dare yana shigar da bayanai suna cikin waɗanda suka kai ta. In aka zo rabo aka tsaya a kan daraktoci, an koma kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ma'aikatan wucin gadi ma, masu shara da masu gadin da aka ɗauko ta hannun ɗan kwangila, ko sunansu ba ya cikin jerina.

Abin da ke hannunka kai ma'aikaci ba shi da yawa, amma yana da amfani. Karɓi takardar albashinka duk wata ka adana. Duba mataki da hawan da aka rubuta, ka gwada da takardar ƙarin girmanka ta ƙarshe, domin an sha yi wa mutum ƙarin girma a takarda, kwamfuta kuma ta ci gaba da biyan sa tsohon kuɗi. Nemi bayanin asusunka daga kamfanin fanshonka, don yanke kuɗi daban, isarsa asusu daban. Ku kuma wakilan ƙungiya, in kun zauna da shugabanni, ku nemi a kawo lissafin tafiye-tafiye da bita na shekara, da sunayen waɗanda suka je. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ku damar nema a rubuce, ta kuma ba hukuma kwana bakwai ta amsa.

Bayan Baba ya fita na ciro fayil ɗinsa na aiki, don wani abu ya tsaya mini a rai. Ashe shekara uku ke nan hawansa bai motsa ba, ƙarin shekara-shekarar da ya kamata ya shiga da kansa ya maƙale tun wani gyaran bayanai. Na rubuta masa takardar neman gyara da ariyas, ya dangwala hannu. Shi da kansa ya hau da ita hawa na uku. Baucar kwamitin ta fita a cikin makon, tasa kuwa wata na biyar ke nan tana kan tebur, an rubuta mata "a jira" da jan biro.