Yadda Ake Sa Waya Ta Tsayar Maka da Lokacin Ganawa da Abokin Ciniki

Dillalin hatsi ko na shanu da ke Belel, a ƙaramar hukumar Maiha kusa da iyakar Kamaru, ba lallai ne ya hau mota zuwa Mubi ko Yola ba kafin mai saye ya ga kaya. Kiran bidiyo ya wadatar. Abin da ke cin rai shi ne tsayar da lokaci: ka kira shi yana kasuwa, ya kira ka kana masallaci. Akwai manhajar da ke ɗauke maka wannan wahala, sunanta Calendly. Tope Awotona, haifaffen Legas da ya koma Amurka, shi ya kafa ta a 2013, kuma tsarinta na kyauta ya ishi mai ƙaramar sana'a.

Da farko ka mallaki adireshin Gmail, ka buɗe Google Calendar, ka tabbatar agogonsa na kan lokacin Legas. Sai ka yi rajista a Calendly da wannan adireshin, ka ba ta izinin leƙa kalandarka. Izinin nan shi ne ƙashin bayan aikin, domin da shi take gane lokacin da ka riga ka ba wani, ta ɓoye shi.

Daga nan ka ƙirƙiri ganawar. Tsarin kyauta nau'in ganawa ɗaya tak yake bari, don haka ka ba ta suna bayyananne, kamar "Duba kaya da ciniki", ka sa mata minti 20 ko 30. Wurin haɗuwa kuwa, ni Google Meet nake ba da shawara, saboda Zoom na kyauta yana yanke hira a minti 40, kuma ciniki bai san agogo ba.

To, ga inda ya kamata ka zauna ka natsu: zaɓen sa'o'i. Manhajar tana zuwa da ƙarfe 9 na safe zuwa 5 na yamma, Litinin zuwa Juma'a, wato tsarin ma'aikacin ofis. Ranarka ba haka take ba. Ka raba ta gida biyu ko uku, ka cire Azahar da La'asar, ka toshe tsakar ranar Juma'a, ka rufe ranar kasuwa gaba ɗaya. Da damina ka bar wa gona safiya, da azumi ka sake tsari. Sannan ka lura da lokacin da sabis ya fi ƙarfi a unguwarku da lokacin da wayarka ke da caji. Gara ka buɗe awa biyu da za ka cika alkawari da ka buɗe takwas mutum ya shiga ya tarar ba kowa. Wanda aka shanya sau ɗaya da wuya ya dawo.

Ka sa tazarar minti 15 tsakanin ganawa da ganawa, kuma ka hana a kama lokaci sai da sanarwar kwana guda. Ka ƙara tambayar lambar waya a fom ɗin da mai kama lokaci zai cike, don in bidiyo ya ƙi, murya ta ɗauka.

Bambancin agogo manhajar ce ke lissafa shi. Mutumin Garwa lokacinku ɗaya, na Jidda ya riga ka da awa 2, na Dubai da 3. Landan kuwa daidai take da mu daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watanni tana bayanmu da awa ɗaya. Kowa zai ga sa'o'inka da agogon garinsu.

Kafin ka raba adireshin shafinka na Calendly, ka sa ƙaninka ya gwada kama lokaci da wayarsa, ka ga ko saƙo ya shigo imel ɗinku duka biyu tare da mahaɗar Meet. In ya shigo, ka tura wa abokan ciniki adireshin ta WhatsApp, ka haɗa da gajeren saƙon murya da Hausa ko Fulatanci kana bayyana inda za su danna. Kuma duk biki, jana'iza ko tafiya Mubi da ta taso, ka shigar da ita kalanda nan take.